Yadda Na Kai Wa Baba Isuhu Fim a Baka

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kanal ɗin ban ruwa, a shagona, har a ƙofar masallaci bayan an sallame, maganar ɗaya ce: "Habu, yaya ƙasar? Yaya tsohon? Wai da gaske ne a cikin tumatir wayarka ta mutu?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Matasan yanzu ba su san Baba Isuhu ba, don haka bari in fara da shi. Mutumin ƙasar Damagaram ne, ya zo Bunkure ci-rani yana aikin ban ruwa a gonakin tumatir, garin ya karɓe shi ya zauna. Shi ya fara buɗe gidan kallo a nan: rumfar zana da rufin kwano, janareto mai tari, da bidiyo na kaset. Bayan la'asar manoma za su shigo da taɓo a ƙafa su cika benci, shi kuma ya tsaya gefen talabijin yana fassara. Baba bai iya Turanci ba. Fuskokin 'yan wasa yake karantawa ya sa musu magana a baki, kuma sau da yawa tasa ta fi ta masu fim ɗin daɗi. A wurinsa na koyi sana'ar da nake ci da ita yau.

Fim ɗin da ya fi cika rumfar shi ne wanda muka laƙaba wa suna Na Bayan Ƙofa. Wani ƙato ne mai hular masu ɗibar zuma, raga ta rufe masa fuska, yana bin baƙin wani tsohon masauki da doguwar wuƙa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen kashi na ɗaya aka kashe shi. A na biyu ya dawo, aka sake kashe shi, ya sake dawowa. Mutanenmu sun haddace komai, sun san duk wanda ya ce "bari in je in duba" ya gama yawo, amma haka za su cika wurin suna yi wa talabijin ihu kada a buɗe ƙofa. Akwai kuma wata mai dafa abincin masaukin da muke kira Iya Ba-Ruwana, wadda ta tsira a kowane kashi saboda dalili ɗaya: in ta ji motsi ba ta zuwa dubawa, miyarta take ci gaba da juyawa.

Duk shekarun da na yi a hannun Baba bai taɓa ce min na iya ba. Hukuncinsa kullum ɗaya ne: "Habu, bakinka yana riga wuƙa." Wato garaje gare ni, nakan faɗa wa 'yan kallo makashin na nan tun kafin tsoro ya nuna a cikinsu. Da idanunsa suka fara rauni ya tattara ya koma gida, daga baya muka ji sun rufe gaba ɗaya. Ni kuwa na buɗe shagona, ina ɗora murya a kan fim ina tura wa mutane a waya, har ta kai babu ƙauyen da ba a san muryata ba daga nan zuwa Garun Malam. Amma in faɗi gaskiya, yabon duk ƙasar Kura bai cike min gurbin kalma ɗaya daga bakin tsohon nan ba.

Bana, bayan an daɗe da mantawa, sai masu fim ɗin Na Bayan Ƙofa suka fito da wani sabon kashi. Na fassara shi, ya karɓu. Ana haka sai ga saƙon murya daga Rakiya, 'yar Baba Isuhu, na buɗe na ji muryar Baba da kansa: "An ce sun yi wani, an ce kai ka fassara. Kawo min in ji ko har yanzu bakin nan na riga wuƙa." Na saurari saƙon ya fi a ƙirga. Na zuba fim ɗin a wayata, na sayi kwandon tumatir na Kadawa mai kyau da shinkafa 'yar Kura don tsaraba, na kulle shago.

Matata Ladidi ta yi ta ja min kunne a kan 'yan sane na tashar Kano, har ta sa min tsoro. Da na isa tashar na ga cunkoso, sai wata dabara ta zo min wadda a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Na naɗe wayar a hankici na cusa ta can tsakiyar kwandon, na mayar da ganye na ɗaure. Wane ɓarawo ne zai tsaya lalube a cikin tumatir? Aka sa kwandon a but, wurin kaya na bayan mota, na shiga mota ina jin kaina gwani.

Wanda ya zauna kusa da ni wani siririn mutum ne mai tabarau, Malam Nasiru, yana koyarwa a wata kwaleji a Kano kuma yana sharhin fina-finai a rediyo. Damagaram za shi, wani taron masu harkar fim. Kafin mu kai Kazaure ya ji abin da ya fito da ni, sai ya cire tabarau ya goge, alamar za a yi karatu.

Ya ce, "Malam Habu, kada ka ji haushi. Kashi na ɗaya fim ne, na yarda. Sauran kuwa ɗumame ne. Tuwon jiya ake ta mayarwa a wuta ana karɓar kuɗin sabo."

Na ce, "To Malam, a gidanku in an yi ɗumame zubarwa ake yi?"

Ya yi dariya ya ce ba a zubarwa, amma ba a kai wa baƙo. Ya ce a ƙasar masu fim ɗin ma, duk sanda wani kashi ya fito masu sharhi sukan yi masa kaca-kaca: babu sabon labari, mutanen ciki ba su da wayo, jini ne kawai ake ƙarawa. Sai dai ya yi adalci, ya ce abin da ke ba shi mamaki shi ne bayan shekaru 'ya'yan waɗancan masu sharhin sukan dawo su ce na biyu da na uku ai gwanaye ne suka yi su.

Ni kuma raina ya ɗan ɓaci, don ina da saurin hawa. Na ce masa masu sharhin nan su kaɗai suke kallo a ɗaki da biro a hannu. Su zo su zauna a benci tsakanin mutanen da suka wuni a cikin ruwa suna dashen shinkafa. Mutumin da bai san ko tumatirinsa zai yi kasuwa ko zai ruɓe a bakin titi ba, in ya zo kallo yana son abin da ya san ƙarshensa. Ya san za a razana shi, ya san a ina, ya san kuma zai fita da ransa ya je ya ci tuwo.

Ya ce, "To na huɗu fa, da suka cire masa hula suka nuna fuskarsa, wai ƙwace masa amyar zuma aka yi tun yana saurayi shi ya sa yake kisa?"

Nan kam na sunkuyar da kai. Na huɗu ya ba mu kunya. Ranar da aka nuna shi a Bunkure, wani manomi da aka taɓa cinye masa gona ya miƙe a tsakiyar rumfa ya ce ai mutumin nan da gaskiyarsa. Daga nan babu wanda ya sake jin tsoro har aka tashi. Da na ba Malam Nasiru wannan labarin ya yi dariya har da riƙe ciki, muka zama abokai. A Daura direba ya tsaya ya ƙara lodi, na ji ana ta turo kaya a but ana danna murfi da ƙarfi, amma hira ta yi daɗi ban kawo komai a raina ba.

A Kwangwalam aka ce kowa ya sauko. Ban taɓa tsallaka iyaka ba, na ɗauka zan ga katanga. Ashe hanya ce da shinge da rumfunan 'yan canji. Jami'an wannan ɓangare da na wancan duk Hausa suke yi da kai, sai an zo rubutu ne kowa ya koma harshen Turawansa. Aka duba takarduna da katin rigakafi, inda aka yi min tambaya da Faransanci Malam Nasiru ya amsa min. Na canji kuɗi, damin da na ƙullo daga gida ya koma 'yan takardun da ko aljihu ba su cika ba.

Sai aka ce a buɗe but. Tun kafin murfin ya gama ɗagawa na ga jan ruwa yana ɗiga a kan lambar mota. Buhunan albasa aka ɗora wa kwandona a Daura. Na zura hannu har gwiwar hannu cikin abin da ya riga ya zama markaɗe, na zaro hankicin yana tsiyaya. Wani jami'i ya ja da baya yana tambayar mene ne wannan. Na ce waya ce. Ya dube ni, ya dubi kwandon, ya ce, "Ɗan Najeriya, ku a can tare kuke dahwa su?" Na danna, na girgiza, na hura, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Garin neman gira na rasa ido.

Kwafin fim ɗin yana cikin kwamfutar shago, shagon a kulle, makullin kuma yana aljihuna. Na koma mota muka ci gaba da tafiya.

Mun isa Matamaye rana ta yi sanyi, aka ce sai da safe ake samun abin hawa zuwa ƙauyen su Baba. Malam Nasiru ya ce shi ma ya gaji, muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki. Ɗakunan suna kewaye da tsakar gida, amma da alama don ajiye kaya kawai aka gina su, kowa ya jawo katifarsa waje. Abu na farko da na yi shi ne binne wayar a cikin shinkafar tsaraba, don an ce tana tsotse ruwa.

Abincinsu ya ba ni sha'awa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har yana kankare dasashi, sukan tsaga shi su zuba wake da mai a ciki. Na ci dambu da zogale wanda ya sha ƙuli-ƙuli, na ƙara. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne rashin gaggawarsu. Mai abinci sai ta gama tambayarka gajiya da iyali da mutanen gida kafin ta ɗauki cokali, alhali a Kano da tuni an zuba maka an sallami na bayanka.

Maigadin masaukin Buzu ne, yana dafa shayi a 'yar buta a kan gawayi. Ya ba mu na farko a ƙaramin kofin gilas, ɗaci kamar maɗaci. Na miƙe zan yi godiya sai ya ce in zauna, ba a tashi a na ɗaya. Ya ƙara ruwa da sukari a kan ganyen nan dai, ya ba mu na biyu, sannan na uku. Na tambaye shi wanne ya fi so, ya ce na biyu, lokacin ganye ya saki jiki. Na juya na kalli Malam Nasiru.

Ya ce, "Na gani, ka samu hujja. Amma tambaye shi ko yana yin na bakwai."

Buzu ya ce wanda ya yi na huɗu ma ya raina baƙonsa. Muka yi dariya, aka tashi babu wanda ya ka da wani.

Da safe kafin motarsa ta tashi, Malam Nasiru ya ga yadda na yi jugum. Ya ce in je kawai in faɗa wa tsohon gaskiya. Sannan ya ce, "Ka san abin da ko mu masu kushe fina-finan nan muke sara musu a kai? Wurin da kiɗa yake ɗaukewa. Ba wuƙar ce ke aiki ba, shirun da ke gabanta ne." Na ji haushi kaɗan, don maganar Baba ce ya faɗa min da lafazin 'yan boko.

Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur da shinkafata da ragowar kwandon, muka yi ta iyo a cikin yashi. Mun wuce lambunan rake da kabeji, inda na ga mutane suna jan ruwa daga rijiya suna bi kunya-kunya. Na tuna yadda mu a gida ruwa ke zuwa da ƙafarsa ta kanal har mu bar shi yana malala a hanya, na ji kunya.

Baba Isuhu yana zaune a kan tabarma a gindin dogon yaro, wanda su suke kira bedi. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Ban kai ga yin sallama ba ya ɗaga kai ya ce, "Habu ne. Har tahiyar tasa garaje." Na durƙusa na kama hannunsa, ya shafa fuskata ya ce na yi ƙiba, lalle fassara na biya. Sai da na share ido, kuma na gode Allah da bai gani ba.

Matarsa Inna Haule ta karɓi tsaraba ta shiga ciki. Muna cikin gaisuwa sai ga ta ta fito da wayar a hannu, duk garin shinkafa, tana tambaya ko mutanen Kano yanzu da kyauta suke sayar da shinkafa. Dole na faɗi abin da ya faru tun daga tashar Kano. Na ce, "Baba, na zo hannu wofi. Fim ɗin ya mutu a hanya."

Ya ce, "To ni da hoto me ya haɗa mu? Waya na kira ko kai? Ka ci abinci tukuna."

Inna ta yi miya da markaɗen da lodin Daura ya yi mata kyauta, muka ci da shinkafar. Bayan azahar maƙwabta suka fara taruwa, don Rakiya ta baza cewa ɗan Najeriya ya kawo silima. Suka zauna suna neman inda za a kafa allo. Baba ya ce musu su kalli bakina. Aka ajiye masa ƙwaryar fura a gabansa, ya harɗe ƙafa, ya ce bismilla.

Ban taɓa jin tsoron fassara irin na ranar ba. Babu hoto da zan jingina da shi, babu kiɗa, rana tsaka, kaji suna yawo. Na fara. Na ce an shekara da yawa masaukin yana kulle, sai magada suka zo za su sayar, suka ɗauko Iya Ba-Ruwana ta dafa musu abinci, ta tsufa, ta zo da jikarta. Da jin sunanta Baba ya yi murmushi ya ce, "Awo, tana nan ashe." Na yi muryar kowa, na yi ƙarar ƙofa, na yi takun ƙaton. Maƙwabta suka kamu, wata mata har tana cewa kada yaron magadan ya sauka tsohuwar rijiyar masaukin. Amma Baba ko gezau. Duk sanda aka kashe wani sai ya kurɓi fura ya gyaɗa kai, kamar mai duba aikin ɗinki.

Har muka zo wurin da nake jira. Iya tana madafa tana juya miya, sai ta ji muryar jikarta daga can ƙarshen baranda tana kiran ta. Matar da ba ta taɓa zuwa duba motsi ba ta ajiye ludayi. Baba ya ajiye ƙwarya a gwiwarsa ya ce, "A'a. Kada ta je." Na ce ta je. Na bi da ita baranda a hankali, har gaban wata ƙofa da ke buɗe rabi. Ta sa hannu.

Sai na yi shiru.

Bakina yana ƙaiƙayi, kalmar tana kan harshena, na danne ta. Na zare takalmana, na ɗora yatsa a leɓe don jama'a, na zagaya ta bayan bishiyar da sanɗa. Babu abin da ake ji sai kukan kurciya da gugar wata rijiya can nesa. Baba ya karkato kunnensa wajen da ya bar ni. Ya ce, "To?" Ban amsa ba. Ya ƙara matsowa gaba, wuyansa ya miƙe. Ya ce, "Habu?"

Na sunkuya daidai ɗaya kunnen nasa ta baya, na ce a hankali, "Yana bayanta."

Tsohon nan ya zabura har hularsa ta faɗi, ƙwarya ta kife, fura ta wanke masa riga. Jama'a suka fashe da dariya, Inna Haule ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Shi kuwa ya laluba hularsa ya sa, ya ɗaure fuska ya ce cinnaka ne ya cije shi, kuma a daina dariya a bar yaro ya ƙarasa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Ta tsira?"

Na ce ta tsira. Tukunyar miyar ce a ɗaya hannun nata, ta juya ta sheƙa masa, ita da jikar suka tura shi tsohuwar rijiya, aka zuba kankare aka rufe.

Ya ce, "An ga gawa?"

Na ce ba a gani ba.

Ya ce, "To zai dawo." Ya faɗe ta da jin daɗi, kamar an ce masa wani ɗan'uwa na hanya.

Na yi 'yan kwanaki a wurinsu, muka yi hirar mutanen Bunkure, na raye da waɗanda suka riga mu. Na yi ta jira ya ce wani abu a kan fassarar, bai ce ba. Ranar da zan tafi ya ba ni kilishi da cuku in kai wa Ladidi, ya ce in sun yi na gaba kada in turo a waya, kada in aiko kowa, ni zan zo. Na ce to. Ina can bakin hanya ina ɗaure jaka a bayan babur, shi yana zaton na yi nisa, sai na ji yana gaya wa tsofaffin da ke zaune da shi: "Wannan da kuka ji, ni na koya mishi."

Ɗan kabu-kabu ya tambaye ni ko yashi ne ya shiga min ido, na ce eh, ya ja mu tafi.

To kun ji yadda aka yi. Wayar dai ba ta tashi ba, mai gyara a Kura ya buɗe ta ya ce har 'ya'yan tumatir ya gani a ciki. Da na sayi wata, Malam Nasiru na fara kira, na roƙe shi in ya ji ƙishin-ƙishin za su yi wani kashi ya sanar da ni tun da wuri. Ya ce Allah ya kiyaye, ai ya isa haka. Na ce masa ya yi ta kushewa a rediyo, aikinsa ne, ni dai addu'a nake kada ƙaton nan ya mutu, don akwai mai jirana a gindin bedi.